Zogale, Ƙuli da Ƙaddara

A ƙauyen Keneba da ke yankin Kiyang ta Yamma a ƙasar Gambiya, masu binciken lafiya daga Ingila suna rubuta haihuwa da mutuwar mutanen yankin tun wajen 1950. Shekarar manoman can irin tamu ce. Damina lokacin yunwa ne: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga aikin gona, mata sai ramewa suke yi. A 2010 wani masani mai suna Robert Waterland da abokan aikinsa suka auna jinin yaran yankin, suka tarar yaron da aka ɗauki cikinsa da damina yana ɗauke da wata alama a jikin DNA ɗinsa wadda ta sha bamban da ta wanda aka ɗauki cikinsa da rani. A 2014 Paula Dominguez-Salas ta sake bin sawun lamarin, ita kuma har da jinin iyayen mata ta auna tun farkon ciki. Ta ga alamar tana bin abin da ke yawo a jinin uwa a makonnin da cikin ya shiga, kuma ana samun ta a jinin jariri da saiwar gashinsa. Shekara guda bayan haka aka gano cewa cikin wuraren da damina ke taɓawa har da wata ƙwayar gado da ake kyautata zaton tana da hannu wajen danne ciwon daji.

Alama ce da ake sa wa mutum tun uwarsa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Bai zaɓi wata ba, bai zaɓi miya ba. Ni malamin ilmin halittu ne, a sakandare na ƙare aiki, kuma tun ina saurayi nake zama a zaure bayan la'asar ana jan littattafan tauhidi. Don haka da labarin ya iso ni, tambayar da ta fara zo mini ta zaure ce: idan abinci na iya sauya yadda jiki ke karanta abin da aka halicce shi da shi, har ya kai ga daji ko ya kare daga gare shi, to wanda cutar ta kama, alhakin wa ke kansa?

Ga yadda abin yake. DNA rubutu ne na haruffa huɗu, kimanin biliyan 3 a jere, kuma rubutun da ke cikin ƙwayar sel ta hanta shi ne dai a ta ido da ta fata. Karatun ne ya bambanta. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru: baƙi yana nan yadda yake, wasali ne ke sauya karatu, in aka ɗora ɗauri kuma baƙin ya tsaya cak. Wasalin jiki wani ɗan ƙaramin sinadari ne da ake kira metil, kabon ɗaya da haidurojin uku, wanda ke liƙewa a kan harafin C. Inda metil ya yi cincirindo a bakin wata ƙwayar gado, sai ta yi shiru, jiki ya daina karanta ta. Daga abinci jiki ke samo kayan haɗa shi: folet na ganye da wake, bitamin B12 na nama da kifi da nono, kolin na ƙwai, betayin na alayyahu da alkama.

Gwajin da ya sa duniya ta waiwayo shi ne na 2003 a Jami'ar Duke ta Amurka, inda Waterland ɗin nan da malaminsa Randy Jirtle suka yi aiki da wasu ɓeraye masu gado iri ɗaya. A cikinsu akwai masu fitowa rawaya, su yi ƙiba, su yi saurin kamuwa da ciwon suga da daji, akwai kuma masu fitowa ruwan ƙasa, lafiya lau. Da aka ƙara wa iyaye mata waɗancan sinadarai huɗu kafin ciki da lokacin goyon ciki, sai 'ya'yan suka karkata zuwa ruwan ƙasa. Harafi ko ɗaya bai canza ba. A 2006 aka maimaita da jenisten, sinadarin waken suya da ake yin awara da shi, aka ga irin wannan sakamako.

Na ji masu wa'azi suna ɗokin cewa DNA shi ne Lauhul Mahfuz, metil kuma shi ne shafewa da tabbatarwar da aka ambata a Suratur Ra'ad. Ba na tare da su. DNA halitta ce kamar ƙashi da jijiya, yana yin kuskure, yana lalacewa, taba sigari na iya ɓata shi. Wanda ya ɗaura aya a wuyan binciken bana, in bincike ya juya baɗi sai ya rasa inda zai sa kansa.

Alaƙar metil da daji ta fara bayyana a 1983, lokacin da Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ƙwayoyin sankara sun yi asarar metil idan aka gwada su da lafiyayyun da ke kusa da su. Bayan 'yan shekaru aka ga akasin haka a cikin ƙari guda: a wasu wurare metil ya taru ya toshe bakin ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne tsawata wa sel in ta fara hayayyafa ba kan gado, irin su RB da p16 da BRCA1. Wato daji ya rasa metil a inda ake bukatarsa, ya tara shi a inda bai kamata ba. Abin da ya ba likitoci fata shi ne, harafin da ya lalace ba ya gyaruwa cikin sauƙi, amma metil ana iya cire shi. Akwai ma maganin da ke yin haka, azasitidin, wanda Amurka ta amince da shi a 2004 don wata cutar ɓargo.

Daga nan hankali ya koma kan tsirrai. A 2003 ɗakin gwajin Chung Yang a Jami'ar Rutgers ya nuna cewa wani sinadari na koren shayi, EGCG, yana hana aikin abin da ke liƙa metil, har p16 da ta yi shiru a ƙwayoyin sankara ta sake motsawa. Ganyen nan ne dai da Buzaye ke dafawa a 'yar buta su zuba a ƙananan kofuna. Tun 1992 Paul Talalay ya fitar da sulforafen daga burokoli, ɗan'uwan kabeji, kuma an ga shi ma yana taɓa wannan tsari. Abokin aikinsa Jed Fahey ya daɗe yana nazarin zogale, domin zogale dangin kabeji ne na nesa, yana da sinadarai 'yan gida ɗaya da sulforafen. Duk wannan gaskiya ne, kuma ni kaina na ji daɗi da na ga itacen da ke shingen gidanmu ya shiga manyan mujallun kimiyya.

Sai dai kusan duk wannan a kwanon gwaji aka gan shi ko a jikin ɓera. Yawan sinadarin da ake zuba wa sel a kwano ya ninka abin da ke isa jinin mai shan shayi sau da yawa, domin hanji ba ya tsotse shi sosai, hanta kuma na gaggauta fitar da shi. Ga kuma wani abu da masu talla da lasifika a tasha ba sa faɗa: folet taimaka wa jiki yake ya liƙa metil, shayi kuwa hanawa yake. Biyun ana sayar da su da sunan rigakafin daji. Wanne ne daidai? Ya danganta da wace ƙwayar gado, a wace gaɓa, a wane lokaci na rayuwa, kuma cokali ba shi da hanyar aika saƙo zuwa wuri ɗaya ya bar saura.

Da aka gwada a jikin mutane, an sha mamaki. An daɗe da lura cewa masu yawan cin karas da ganye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka ce bari a ciro sinadarin beta-karotin a ba mutane a ƙwayar magani. A Finlan aka gwada da maza masu shan taba fiye da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 ga waɗanda suka sha. A Amurka wani gwajin mai mutum fiye da 18,000 sai dakatar da shi aka yi a 1996, ƙarin ya kai kashi 28. Folik asid, wanda gwajin 1991 ya tabbatar yana rage haihuwar jarirai masu tsagaggen ƙashin baya da kusan kashi 70, an ba shi ga masu tarihin tsiro a babban hanji, rahoton 2007 ya nuna bai rage komai ba, har da alamar ƙari. Hukumar kula da abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa kafson EGCG daga miligiram 800 a rana na iya taɓa hanta. Babban binciken Turai na kusan mutum rabin miliyan a ƙasashe goma, wanda ya fito a 2010, ya ce ƙarin giram 200 na ganye da 'ya'yan itace a rana yana tafiya da ragin daji na kashi 3 cikin 100. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, game da sankarar babban hanji.

Ragin kashi 3 a ƙasa guda gidaje ne masu yawa da ba za a yi zaman makoki a cikinsu ba. A jikin mutum ɗaya kuwa babu mai iya nuna shi da yatsa. A nan ne na ga kimiyya ta iso inda zaure ya daɗe da zama.

Ƙanwar mahaifiyata, Inna muke ce mata, sankarar mama ce ta yi ajalinta. A ƙauye ta rayu. Tuwon dawa, miyar kuka, kwaɗon rama, zogale daga shingenta, wannan ne cimarta tun tana yarinya, lemon kwalba ma sai an yi biki. A wajen zaman makoki wani ɗan ƙanwata da ke jami'a ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, na karanta cewa yawancin dajin nan daga abinci ne. Da an kula da abin da take ci tun da wuri, da wataƙila ba a kai ga haka ba." Wani dattijo da ke gefenmu ya ji, ya ce, "Kai yaro, kwana ne ya ƙare. Ko ganyen duniya ta cinye, ranar nan ba za ta wuce ta ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Na san bai gamsu ba, ladabi ne kawai.

A wannan tabarmar dattijon ne ke da gaskiya, kuma har a ma'aunin kimiyya. Babu likitan da zai iya cewa da Inna ta ci kaza da ba ta kamu ba. Maganar yaron, duk da kyakkyawar niyyarsa, tana ɗora wa mamaciya laifi, tana ɗora wa 'ya'yanta da suka yi jinyarta nauyin da ba nasu ba. Wannan ita ce cutar da ke ɓoye cikin yayin "abincinka maganinka" da ya cika wayoyinmu: in lafiya sakamakon ƙoƙarinka ce kaɗai, to ciwo ya zama shaidar sakacinka. Tsohon zargi ne ya sake riga. Da ana cewa wane zunubi ya yi, yanzu ana cewa me yake ci.

Malaman tauhidi da muka gada ta hannun Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, sun raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Na al'ada shi ne alaƙar da muke gani tsakanin abu biyu saboda yawan maimaituwa, kamar wuta da ƙuna ko ci da ƙoshi, tare da cewa tana iya saɓawa. Imam Gazali ya yi dogon bayani a kan haka da misalin wuta da auduga, Ibn Rushdi ya yi masa raddi. Almajiran Ibn Taimiyya kuma suna cewa Allah ya sanya ƙarfi na haƙiƙa a cikin sabubba, sai dai sababi ɗaya ba ya wadatarwa sai wasu sun taimaka masa, kuma babu abin da ya tare shi. Ba zan raba wannan gardama ba, ta girme ni da ƙarnuka, kuma a garinmu takan raba masallaci. Abin da ya dame ni shi ne inda suka haɗu: babu ɗayansu da ya ce sababi alkawari ne. Lissafin masu binciken cututtuka ma bai taɓa yin alkawari ga mutum ɗaya ba. Maimaituwa yake ƙirgawa a cikin dubbai, yana kuma rubuta yawan saɓawar.

Vogelstein ɗin nan na 1983 ya dawo a 2015 tare da wani masanin lissafi, Cristian Tomasetti, da maganar da ta tayar da ƙura. Suka ce duk lokacin da sel ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun nan mai haruffa biliyoyi, kuma kwafi ba ya rasa kuskure, ko mutum ya kiyaye ko bai kiyaye ba. A 2017 suka ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na kurakuran da ake samu a daji daga wannan kwafin suke. "Rashin sa'a" suka kira shi. Cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta fito ta yi suka, tana tsoron mutane su saki rigakafi, domin hukumar na cewa kashi 30 zuwa 50 na daji ana iya kauce masa. Na karanta musayar ina murmushi, don muhawarar yaron nan ce da dattijo, an dai yi ta da alƙaluma. Kuma maganganun biyu ba sa karo. Daji yakan bukaci kurakurai da dama su taru a sel guda. Ko da biyu sun zo ba da hannun kowa ba, in na ukun taba ce ke kawo shi, barin taba ya isa ya hana.

To ina maganar dattijo ke zama kuskure? In an ɗauke ta daga tabarmar makoki an kai ta rumbu ko kasuwa. Malamai sun ce ana fakewa da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku, ba a fakewa da ita a kan aikin da ke gaban mutum. Lokacin annobar Amwas, Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham, ya sami labari a Sarg, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misalin makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya busasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. An saba tsayawa a nan. Ni abu biyu nake ƙarawa. Abu Ubaida ya rasu a wannan annoba, kuma ban taɓa jin wani ya ce sakacinsa ne ba. Sannan hukuncin juyawa shugaba ne ya yanke shi a madadin jama'a. Ba a ce kowa ya je ya nemi mafitarsa ba.

Wannan na biyun shi ne abin da binciken metil ke nunawa, in aka karanta shi ba da idon ɗan kasuwa ba. Lokacin da abinci ya fi tasiri a kan alamomin nan shi ne lokacin da mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mutanen da aka ɗauki cikinsu a yunwar da ta afka wa Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, an auna su a 2008, bayan shekara sittin, aka tarar har yanzu metil ɗinsu a wata ƙwayar gado mai kula da girman jiki bai kai na 'yan'uwansu na ciki ɗaya ba. Yaƙi ne ya sa musu wannan alama. Abin da mace mai sabon ciki ke ci a watan da rumbu ya ƙare, ba ita ke yanke shi ba, mijinta ne da danginsa da farashin kasuwa da gwamnati. A fikihu irin wannan nauyi yana da suna, farilla ce ta kifaya: in wasu suka ɗauka ta faɗi a kan kowa, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Kwaɗon zogale ya isa misali, kuma ba kwatance nake yi ba, kwanon kansa nake nufi. Ganyen yana da folet da sinadaran da Fahey ke nazari. Ƙulin da aka daka a ciki kuwa, in daga gyadar da ta yi fumfuna aka yi shi, yana ɗauke da aflatoksin, dafin da aka gano bayan ya kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960, wanda kuma babu jayayya cewa yana haddasa sankarar hanta. In ya haɗu da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu, haɗarin ninkuwa yake yi. A Gambiya ɗin ma an ga cewa aflatoksin da ke jinin uwa a farkon ciki yana tafiya da sauyin metil a jikin jaririnta. Suya ba ta kashe dafin, ido ba ya ganinsa a cikin ƙuli. Kowa kuma ya san inda gyadar da aka tsince daga mai kyau take zuwa: mai arha ce, ita ake kai wa matsa. Amfanin zogale a kan daji hasashe ne da ake kan bincike. Cutarwar aflatoksin tabbatacciya ce. Amma garin zogale ake talla a leda mai hoto, ban taɓa jin lasifika na maganar shanyar gyada ba.

A gundumar Kidon ta ƙasar Sin, inda sankarar hanta ta yi ƙamari, masanan Johns Hopkins sun gwada ba mutane ruwan tsiron burokoli don jiki ya riƙa fitar da dafin. Amma abin da ya saukar da mace-macen da kusan rabi shi ne sauyin tsarin noma da kasuwa na shekarun 1980, wanda ya ba mutane damar barin masarar da ke fumfuna su koma shinkafa. A yankin Kindiya na ƙasar Gini kuma an yi gwaji a ƙauyuka 20, aka buga sakamakon a 2005. Rabin ƙauyukan an koya wa manoma su tsince gyada da hannu, su shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbatar ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara maimakon na leda, su ɗora buhunan a kan katako, su sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar, dafin da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka bai kai rabin na sauran ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ma ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona kafin gyada da masara su yi fure, allurar ciwon hanta kuma tana cikin rigakafin da ake yi wa jarirai kyauta. Waɗannan ayyuka ne na mai unguwa da sarkin kasuwa da malamin gona da limamin da ke hawa mumbari ranar Juma'a a makonnin da ake cirar gyada.